Jamie Wallis da tambayar da aka ƙi yi

Kafin asubahin ranar Laraba, 30 ga Maris 2022, Jamie Wallis, ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai wakiltar Bridgend a kudancin Wales, ya fitar da wata sanarwa a shafinsa na Twitter. Ya ce likitoci sun tabbatar masa yana fama da rashin natsuwa da jinsin da aka haife shi a kai, ya ce tun yana ɗan yaro yake jin haka, kuma burinsa ya sauya jinsi. Kafin shi babu wani ɗan majalisar ƙasar da ya taɓa fitowa ya faɗi irin wannan magana yana kan kujera. Amma sanarwar ba a nan ta tsaya ba. Ya ce a watan Afrilun 2020 wani ya tona asirinsa ga mahaifinsa, ya aika wa danginsa hotuna, ya nemi fam 50,000 kafin ya kama bakinsa. Ya ce a watan Satumban 2021 wani mutum ya yi masa fyaɗe. Daga nan ya zo kan abin da mutanen mazaɓarsa suka riga suka sani: a ƙarshen Nuwamban wannan shekarar ya yi hatsari da mota cikin dare, ya bar motar ya gudu. Tsoro ne ya kore shi daga wurin, in ji shi.

Abubuwa huɗu ke nan a takarda ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na farko labarin ransa ne. Biyu na tsakiya zalunci ne da ya ce an yi masa. Na ƙarshe kuwa laifi ne da ake zarginsa da shi, wanda a lokacin bai kai gaban alƙali ba. Abin da ya sa nake komawa kan wannan al'amari, duk da shekarun da suka wuce, shi ne yadda masoya da maƙiya suka cure huɗun nan wuri guda suka yanke musu hukunci ɗaya. Masoya suka ce jarumi ne, a ƙyale shi. Maƙiya suka ce ga shi nan, dama mun faɗa. Kowane ɓangare maganar jinsi ya ɗauka ya rufe sauran da ita, aka bar tambayar da ta fi shafar mai ƙuri'a a Bridgend: shin mutumin nan ya riƙe amanar da aka ba shi?

A wancan lokacin shi da kansa ya ce a ci gaba da kiransa yadda aka saba, don haka ni ma haka zan kira shi.

Da tsakar ranar da sanarwar ta fita, Firaminista Boris Johnson ya miƙe a zauren majalisa, kafin ya fara amsa tambayoyi, ya yaba wa ƙarfin halin Wallis, ya ce majalisa tana tare da shi. Jagoran 'yan adawa Keir Starmer ya bi sahu. Sai dai a daren da ya gabata, a liyafar da aka shirya wa 'yan majalisar jam'iyyar Conservative a wani otal a Landan, wadda Wallis ma ya halarta, da zolaya a kan maganar jinsi Johnson ya buɗe jawabinsa don ya caccaki Starmer. A wannan Talatar ce kuma 'yan sandan Landan suka sanar da rukunin farko na tara guda 20 a kan shagulgulan da aka riƙa yi a ofishin firaminista da ma'aikatun gwamnati lokacin da dokar korona ta kulle kowa a gida. Ranar 12 ga Afrilu tarar ta kai kan Johnson da kansa, ya zama firaministan Birtaniya na farko da aka hukunta da karya doka yana kan mulki. Mutumin da amanarsa ke tangal-tangal shi ne ya miƙe yana raba lambar jarumta. Kwana ɗaya bayan yabon, sai aka ji gwamnatinsa za ta cire masu sauya jinsi daga dokar da ta yi alkawarin kafawa don hana ayyukan masu iƙirarin juyar da mutum daga abin da yake ji game da jinsinsa ko sha'awarsa. Wallis ya fito ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai. Ko mene ne ra'ayinka a kan wannan doka, abu ɗaya ya fito fili: yabon ranar Laraba siyasa ce, bai ci wa Johnson ko sisi ba, kuma ya ba shi rana ɗaya da jaridu suka rage maganar tara.

To, mene ne a littafin Wallis kafin ranar 30 ga Maris?

Ya ci zaɓe a Disambar 2019 da ratar ƙuri'a 1,157, ya karɓe kujerar da ke hannun jam'iyyar Labour tun 1987. Bai daɗe da shiga majalisa ba jaridar intanet ta BuzzFeed ta buga rahoto cewa yana da hannu a wani shafi da ke haɗa matasa masu neman kuɗi, har da ɗalibai, da attajirai masu neman holewa. Da farko ya nisanta kansa, amma jaridar ta nuna takardun rajistar kamfanoni da ke cewa ya taɓa zama darakta kuma mai hannun jari a kamfanin da ke sama da shafin. A wajena wannan kawalci ne da aka yi wa ado da intanet. Rahotanni sun kuma nuna cewa kamfanonin da ya riƙe, waɗanda suka haɗa da na dawo da bayanan kwamfuta da suka ɓace, sun jawo koke-koke sama da 800 a ofishin kare haƙƙin masu saye. Koke ba hukunci ba ne, wannan gaskiya ne. Amma koke ɗari takwas abu ne da ya isa a tsayar da ɗan majalisa a ce ya yi bayani. Duk wannan an san shi shekara biyu kafin kowa ya ji maganar jinsinsa, kuma babu abin da ya haɗa su.

Sai hatsarin. Da misalin ƙarfe ɗaya na daren 28 ga Nuwamba 2021, motarsa ƙirar Marsandi ta daki turken fitila da na wayar tarho a ƙauyen Llanblethian. Mutanen unguwa suka fito don su taimaka, shi kuwa ya juya ya tafi, ya bar motar a inda za ta iya jawo wani hatsarin. Shaidu sun ce sanye yake da kayan mata: ɗan gajeren siket na fata baƙi da takalmi mai tsini. Da aka zo shari'a a kotun majistare ta Cardiff a watan Yulin 2022, ya ce kyanwa ce ta gitta ya kauce mata, kuma da ya ga mutane sun nufo shi sai firgicin abin da aka yi masa wata biyu baya ya dawo masa, ya ji tsoron za a kashe shi ko a sake yi masa fyaɗe. Alƙali Tan Ikram ya saurare shi, ya ce bai gamsu da gaskiyar bayaninsa ba. Ya lura cewa a wannan daren Wallis yana da hankalin da zai kira mahaifinsa ta waya, amma bai kira 'yan sanda ba. Wato ya iya yanke shawara, sai dai mummunar shawara ya yanke. Ya same shi da laifi uku: ƙin tsayawa bayan hatsari, ƙin kai rahoto, da barin mota a wuri mai haɗari. Ya wanke shi daga na huɗu, wato tuƙin ganganci, saboda masu ƙara ba su tabbatar da shi ba. Ya ci shi tarar fam 2,500, ya hana shi tuƙi wata shida.

A duk waɗanda suka sa baki a wannan lamari, alƙalin nan ne kaɗai na ga ya yi abin da ya dace. Bai hukunta siket ba, bai kuma yafe laifi saboda siket ba. Ya raba tuhume-tuhumen ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowace abin da hujja ta ba ta. Mutum zai iya zama wanda aka zalunta a watan Satumba, ya kuma zama mai laifi a watan Nuwamba, kuma babu ɗaya da zai goge ɗayan. Wasu jaridun Birtaniya kuwa siket ɗin suka ɗora a kanun labarai, shi mutane suka yi ta yaɗawa suna ƙyaƙyata dariya. An bar jaki ana dukan taiki. Da ɗan majalisar yana sanye da kwat da nakatayi a daren nan, laifin barin mota a kan hanya ya gudu ba zai ragu da ƙwayar zarra ba, ba zai kuma ƙaru ba.

Hujjar maƙiyansa wadda ta fi ƙarfi ita ce wannan: mutumin da ya ɓoye wa masu zaɓe ko shi wane ne, ai tun ranar farko yaudararsu ya yi, don haka gudu daga wurin hatsari ci gaban halinsa ne kawai. Magana ce mai kama da gaskiya, shi ya sa ya kamata a tsaya a kanta. Me mai ƙuri'a yake da haƙƙin sani game da wanda zai wakilce shi? Yana da haƙƙin sanin inda kuɗinsa ya fito, da wanda yake bin sa bashi, da shari'o'in da ke kansa, da ko lafiyarsa za ta bar shi ya yi aikin. Abin da mutum yake kokawa da shi a cikin ransa, wanda bai taɓa dukiyar jama'a ko haƙƙin wani ba, ba ya cikin wannan lissafi. Mu da muka taso ana karanta mana haramcin bin diddigin asirin mutane da falalar rufa wa bawa asiri, bai kamata wannan bambanci ya yi mana wuyar ganewa ba. Yin shiru a kan abin da ke damun ranka daban, yin ƙarya a kan kamfanin da ka riƙe daban.

Amma akwai inda asirin ɗan siyasa ke zama matsalar jama'a, kuma a nan ne labarin Wallis ya fi ba ni abin tunani. Duk asirin da mutum ke tsoron fitarsa igiya ce a wuyansa, wanda ya kama bakin igiyar shi ke jan sa. Ɗan majalisa yana kaɗa ƙuri'a a kan haraji da yaƙi da kwangila, yana jin maganganun da ba kowa ke ji ba. In wani ya riƙe shi da barazanar tonon silili, to ba shi kaɗai aka riƙe ba, har da mazaɓarsa. A watan Afrilun 2020 wani ya kama wannan igiya ya ce a ba shi fam 50,000. Maganar ta je hannun 'yan sanda, aka gurfanar da mutumin, ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara biyu da wata tara. Idan da za a tambaye ni abu mafi kyau a littafin Wallis ta fuskar amana, wannan zan nuna: an matse shi a wurin da ya fi jin tsoro, amma maganar ta ƙare a kotu, ba a ɗakin ciniki ba. Abin takaici, ban ga an lissafa masa shi a matsayin amana ba. Masoya sun ɗauke shi abin tausayi, maƙiya sun ɗauke shi abin kunya. Wanda ya sa gilashin jinsi a idonsa ba ya ganin laifin mutum daidai, haka nan alherinsa ma ba ya gani daidai.

Kuskuren masoya ya fi taushi, amma ba ƙarami ba ne. Bayan 30 ga Maris ya zama abu mai nauyi mutum ya tayar da maganar kamfanoni ko ta hatsari, don kada a ce ƙiyayya ce ke cin sa. Da kotu ta yanke hukunci, jam'iyyarsa ta ce an riga an hukunta shi, ba za ta ƙara ɗaukar wani mataki ba. Mutanen Bridgend ma ba su da hanyar kiransa gida, domin dokar kiranye ta 2015 ba ta buɗe ƙofa sai an ɗaure ɗan majalisa, ko majalisa ta dakatar da shi aƙalla zama goma, ko an same shi da ƙarya a kuɗin alawus; tara ba ta cikin waɗannan. Ya ci gaba da zama har zaɓen 2024, wanda bai sake tsayawa a Bridgend ba. A 2025, lokacin da sunan ya riga ya koma Katie Wallis, kotun majistare ta Cardiff ta sake ganin wannan fuska, ya amsa laifin takura wa tsohuwar matarsa. Wanda ya ce kada a tambayi ɗan siyasa don yana cikin tsirarun da ake tsangwama, ba gata ya yi wa tsirarun ba. Ya nuna ne cewa ba ya sa ran za su iya riƙe amana kamar kowa, sannan ya bar su da ɗaukar nauyin laifin mutum ɗaya a ranar da asiri ya tonu.

Amurka ta ba mu misalai biyu da suka isa su rushe zancen cewa jinsi ke nuna hali. Danica Roem da Stacie Laughton dukansu an haife su maza suka sauya, dukansu 'yan jam'iyyar Democrat ne. Roem tsohuwar 'yar jarida ce a Virginia. A 2017 ta kayar da Bob Marshall, wanda ya shafe shekara 26 a majalisar jihar, kuma shi ne ya kawo ƙudirin hana irinta shiga ban ɗakin mata. Da me ta yi kamfe? Da cunkoson motoci a kan hanya mai lamba 28, wadda mutanen yankin ke shan wahalarta kullum safiya. Aka sake zaɓenta, a 2023 ta haye majalisar dattawan jihar. Laughton kuwa ta ci zaɓe a New Hampshire a 2012, amma ba ta kai ga hawa kujerar ba, saboda an gano an taɓa ɗaure ta a 2008 a kan damfarar katin banki. Duk da haka aka sake zaɓenta a 2020, ta sauka a ƙarshen 2022 bayan an kama ta da zargin bibiyar wata mata, a 2023 kuma aka kama ta bisa tuhuma mai muni da ta shafi hotunan batsa na ƙananan yara. Duk wanda ya auna waɗannan biyun da jinsi zai ba su maki ɗaya, ko dai na yabo ko na tsinuwa, kuma dole ya zalunci ɗaya ko ya ha'inci jama'a a kan ɗayar. Takardun kotun 2008 ne suka faɗi ko wace ce Laughton, kuma suna nan a fili lokacin da jam'iyyarta ta sake barinta ta tsaya.

George Santos, tsohon ɗan majalisar wakilan Amurka, ma haka. A farkon 2023 duniya ta yi ta nishaɗi da tsofaffin hotunan da aka ce nasa ne cikin shigar mata a Brazil. Abin da ya kore shi daga majalisar wakilai ranar 1 ga Disamba 2023, da ƙuri'a 311 a kan 114, ba hotunan ba ne: ƙaryar makaranta da wurin aiki ce, da cin kuɗin waɗanda suka ba shi gudummawar kamfe. Da Sarah McBride, wadda ita ma ta sauya jinsi, ta ci kujerar Delaware a Nuwamban 2024 kuwa, tun kafin a rantsar da ita majalisar ta shiga rigimar ban ɗakin da za ta shiga, har Kakaki Mike Johnson ya kafa doka. Ta ce za ta bi dokar, ba faɗan ban ɗaki ya kawo ta ba. A cikin wannan hayaniya mutum nawa ne ya duba abin da ta yi a majalisar dattawan jiharta, inda ta jagoranci dokar hutun jinya da haihuwa mai albashi a 2022, ya yaba ko ya kushe a kan hujja?

Na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi tun a sakin layi na farko suka nemi tsari. Ni ma addinina da tarbiyyata ba su yarda mutum ya sauya halittarsa ba, kuma ban zo neman kowa ya bar aƙidarsa ba. Birtaniya da dokokinta, mu da namu. Abin da nake tsoro shi ne yadda irin wannan labari ke sa mu ji kamar mun tsarkaka, mu ce Allah ya raba mu da abin da ya samu Turawa, mu juya mu ci gaba da yin daidai kuskuren da suka yi, sai dai da wata riga. A wurinsu jinsi ne ke zama garkuwa ko mashi. A wurinmu addini ne da ƙabila da yanki. Ana fara binciken wani a kan kuɗin jama'a sai ka ji an ce don shi ɗan Arewa ne, ko don Musulmi ne, ko don Kirista ne, mu kuma mu taru mu kare shi ba tare da mun buɗe takarda ko ɗaya ba. Wani kuma ana son kashe shi a siyasa, sai a jefe shi da sunan ɗan daudu ko a sa masa alamar tambaya a aƙida, daga ranar babu mai sake sauraron abin da yake faɗa a kan asibiti da makaranta. Ko a 2024, da aka ɗaure Bobrisky, wanda aka haifa namiji amma yake shigar mata, wata shida a Legas saboda wulaƙanta naira, mutane sun fi zumuɗin sanin ko sashen maza za a kai shi ko na mata. Tambayar da ta fi shafar talaka ta zo daga baya, lokacin da zargin cin hanci ya fito har aka dakatar da wasu jami'an gidan yari: shin mai kuɗi da mara kuɗi irin ɗauri ɗaya suke yi a ƙasar nan?

Addinin da ya hana mu abin da Wallis ya zaɓa, shi ne kuma ya wajabta mana adalci ko a kan wanda muke ƙi, ya hana mu rufe laifin wanda muke so. Ba za mu ɗauki rabi mu bar rabi ba. Hukuncina a kan Wallis shi ne: ya cancanci tausayi a kan abin da aka yi masa, ya cancanci yabo don bai miƙa wuya ga mai barazana ba, kuma bai cancanci kujerar Bridgend ba, saboda tarihin kasuwancinsa da kuma daren da ya bar mota a kan hanya ya gudu har alƙali ya ƙi gaskata shi.

Zaɓen 2027 na tafe. Hukumar INEC takan liƙa bayanan 'yan takara da takardunsu a ofisoshinta kafin ranar zaɓe. Mai karatu, ka je ka duba. Idan ɗan takara ya zo ƙofar gidanka, ka tambaye shi kamfanonin da ya riƙe, da wanda ya biya masa kuɗin fom, da shari'o'in da ke kansa a kotu, kuma kada ka yarda ya amsa maka da tsawon carbinsa ko sunan garinsu ko aibin abokin takararsa.